Zuciyar da Saiwar Iboga Ta Ƙi

A Libreville ana ta cewa wata mai magani a bayan garin Fougamou tana raba mutum da ƙwaya da saiwar itacen iboga, wai wanda ya mutu a hannunta laifinsa ya ɓoye wajen tuba. Shekara talatin na yi ina aikin jinya. Na san saiwar nan zuciya take tsayarwa, ba ruwanta da laifi. Na sa ɗana Nzamba ya yi kamar mashayi, muka je in gwada ta.

Mai maganin, Mama Ditsoga, ta zaunar da mu a rumfar ibadarsu. Kafin wani zancen tuba, sai ta kara kunne a ƙirjinsa, ta daɗe tana sauraro.

"Wannan ƙato ko giya ba ya sha. Matso, malamar asibiti."

"Ni kallo na zo."

"Kallo? Tun ɗazu hannunki ke laluben jaka."

Ta saurari tawa zuciyar. Ba ta daɗe ba.

"Saiwa tana aiki, yaya. Amma in kika ci, ba za ki kai la'asar ba. Ba zan ba ki ba."

A mota Nzamba ya riƙe makulli bai tayar ba.

"Mama, mene ne a jakar?"

Na buɗe, na haɗiye ƙwaya biyu a gabansa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shan ƙwayar, tun ciwon bayana, kuma maganin da ya rage mini shi ne zai kashe ni.