Rakiyar da Tela Bai Yi Ba

Ka ce mini za ka leƙa kawunka in ka samu sarari. To zauna, ɗana, in ba ka misali.

An yi wani tela da ya buɗe shago a birni, nesa da garinsu, ba mata ba aboki, daga shi sai keken ɗinki da waya. In ɗinki ya yi sauƙi yakan buɗe wani wasan harbi a wayar. A wasan nan ba ka ganin fuskarka, hannuwa biyu kake gani da bakin bindiga, kamar kai ne a ciki. Abin da ya fi jan ransa wani maɓalli ne: in an harbe ka sai ka danna, lokaci ya koma baya, harsashi ya fice daga ƙirjinka ya koma bindigar mai shi, ka miƙe ka sake gwadawa. Ran nan mahaifinsa ya zo daga ƙauye, rabonsu da juna shekara biyu. Suka gaisa, tsohon ya sha ruwa, ya zauna a benci yana kallon ɗansa. Da La'asar ta gabato ya ce zai je ya kama motar garinsu. Ka san ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai, balle uba. A hanyar rakiya ake faɗin abin da nauyin baki ya hana a faɗa a zaune. Telan kuwa yana tsakiyar wasan, ya ce, "Baba, bari in haye gadar nan ta cikin wasa, yanzu zan raka ka." Aka harbe shi a kan gadar, ya maido da lokaci. Aka sake harbinsa, ya sake maidowa. Agogon wasa na komawa baya, inuwar bakin ƙofa na yin gaba.

Da ya haye, ya ɗago kai, benci ba kowa, sai ƙullin daddawa da tsohon ya ajiye masa. Ya ruga tasha, ya tarar mota ta tashi. Ya ce ba komai, zai je da Sallah. Kafin Sallah aka yi wa tsohon sutura, Allah ya jiƙansa. Abin da ya taso shi daga ƙauye, ba wanda ya sani. Telan yana nan a shagon har yau. Wani lokaci yakan danna maɓallin nan, matattu su miƙe a tafin hannunsa, sai ya juya ya dubi benci. Ƙullin kuwa bai kwance shi ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da na sani ƙeya ce, a baya take.