Kunnen Malam Bawa

Tun da aka hana sare bishiya, kwale-kwalen Yawuri suka koma na roba, waɗanda ba sa ruɓewa. Ranar kasuwa, Tukur mai fito ya kira Malam Bawa, tsohon masassaƙi, ya duba masa nasa.

"Baba, shekararsa ashirin, ko tabo babu."

"Shi ne abin tsoron. Katako in ya fara ruɓewa wari yake yi, ya gargaɗe ka. Wannan ba ya magana."

Tsohon ya kara kunne, yana ƙwanƙwasawa a hankali. Can ya tsaya.

"Kada ka ɗauki kowa yau."

Tukur ya bi maganarsa, mata talatin masu jiran fito suna ta mita a bakin ruwa. Kafin azahar, kwale-kwalen ya rabe biyu a kan yashi, babu kowa a ciki.