Ƙayar Aduwa a Dunduniyar Ɗan Dambe

Kai Mati, tun da ka shigo zauren nan nake ganin kana ɗingishi, na tambaye ka ka ce mini ba komai. To zauna, ɗan nan, ka ji abin da "ba komai" ta yi wa wanda ya fi ka ƙarfi.

An yi wani saurayi ɗan mahauta, ɗan dambe, hannunsa na dama kamar taɓarya. Ubangidansa tsufa ya kama shi, ya ce a damben kaka mai zuwa zai fid da yaro ɗaya ya tsaya da sunan garin, kuma kowa ya san saurayin nan ake nufi. Ana cikin shiri, wata safiya wajen gudu, ƙayar aduwa ta soke shi a dunduniyar dama ta karye a ciki. Ya ja tsaki ya wuce. Ga shi kullum ba takalmi yake yawo a mahauta, cikin jini da tumbi da ƙazanta. Kafin a ce haka wurin ya kumbura ya ɗau zafi. Wanzamin unguwa ya duba ya ce a bari ya tsaga ya cire, sai dai fa zai kwana biyu bai taka ƙasa ba. Saurayi ya yi dariya ya ce, "Baba, da ƙafa ake dambe?" Ka ji wauta! Hannun kuwa, ai sai ka ce jariri ake reno. A yi masa tsaga a goga magani, a ɗaura kambu, a gasa shi da ruwan zafi, a naɗe da zare a kwance a sake naɗewa. Ƙafa kuwa tsumma kawai ta samu da ɗan toka. Zugi ya hana shi taka dunduniyar, sai ya koyi tsayuwa kan yatsu, yana naushin buhun yashi yana haɗiye kuka. Abin da ya fi ba ni haushi, ubangidan nan ya gani da idonsa. Ya ga tsumman, ya ga yadda yaron ke cije leɓe. Amma da ya ji 'yan kallo na cewa yaro ya fito da sabon salo, yana tashi kamar zakara, sai ya yi kunnen uwar shegu. Sunan gari yake so, ƙafar ɗan wani kuwa ko oho.

Ranar dambe fili ya cika maƙil, kalangu na tashi, maroƙa na zuba masa kirari har mata na guɗa. Aka haɗa shi da wani tsohon hannu daga wani gari, wanda ƙarfinsa ya fara ja baya amma idonsa na nan. Wannan bai kalli hannun da kowa ke tsoro ba. Ƙasa ya kalla. Ya ga sawun saurayi a kan yashi, na hagu cikakke, na dama rabi, yatsu kawai babu dunduniya. Shi ke nan, ya gama karanta shi. Turmin farko bai kai naushi ko ɗaya ba, zagaye kawai yake, yana tilasta wa yaro juyawa a kan ƙafar nan. Mutane na ihu wai tsoho ya tsorata. A turmi na biyu gumi ya wanke saurayi, ƙafar ta gaji da tsayuwa kan yatsu. Sai tsohon ya matso, ya ɗan tura shi da hannun kariya, turawar da ko akuya ba za ta kayar ba. Yaro ya ja da baya, nauyinsa duka ya sauka kan dunduniya. Ƙurji ya fashe, mugunya da jini suka jiƙa tsumma, gwiwarsa ta kai ƙasa da kanta. Ka san dokar fili, gwiwa ta taɓa ƙasa an kashe ka. Aka kashe shi ba a nushe shi ba, hannun da aka yi wa hidima yana naɗe a sama bai taɓa kowa ba. Wallahi kafin ya ɗago kai makaɗa sun juya waƙa ta koma kan ɗayan. Ubangidan ya tofar da yawu ya ce yaro ya zubar masa da mutunci, ya kama gabansa, ko waiwaye babu. 'Yan uwansa mahauta ne suka cicciɓe shi. Da aka kai shi asibiti aka ce an makara, ruɓa ta ci har ƙashi, aka yanke ƙafar daga idon sawu.

Yana nan da ransa. In ana dambe za ka gan shi bakin fili yana naɗa wa yara zare a hannu, wasu ma ba su san ya taɓa shiga ba. Hannun daman nan lafiyarsa ƙalau, ƙato, ga tabon tsaga reras a jiki. Aikinsa yanzu riƙe sanda.

Saboda haka cire takalmin nan in gani, Mati, kada ka sake ce mini ba komai. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.