Rumbun Ɗanyar Ƙasa

Wani manomi ne ya tsaya a dandali bayan an gama yankan gero, ya bugi ƙirji ya ce shi kafin kasuwa ta zagayo zai gina sabon rumbu, ya zuba hatsinsa, ya miƙe ƙafa. Masu jiran ƙasa ta sha iska kuwa, in ji shi, ragwanci ne kawai suka naɗa wa rawani. Kowa ya san da maƙwabcinsa yake. Shi maƙwabcin ya kwaɓa ƙasarsa da ciyawa ya bar ta ta tsima, in ya ɗora hawa ɗaya sai ya ƙyale shi ya bushe tukuna, yadda ya ga ubansa na yi. To amma fa dammunan geronsa, abincin gidansa na shekara, suna jibge a fili. Awaki su ja, kaji su tsattsaga, gara na lallaɓowa ta ƙasa. Kullum ya leƙa ta kan danga sai ya ga rumbun wancan ya ƙara tsawo, sumul, har da zane a wuya. Matarsa ma ta tambaye shi ko jikoki yake gina wa. Ran nan har ya ɗebo ƙasa zai ɗora kan hawan jiya, ya danna babban yatsa ya ga ya nutse. Ya ajiye ƙasar ya zauna, ransa ba daɗi, yana tunanin ko dai shi ne wawan.

Ana gobe kasuwa mai cika bakin ya tara 'yan unguwa su taya shi cika rumbu da ɗora jinka, har da dama musu fura. Ya haye ciki da kansa, ana miƙa masa dami yana jerawa yana tattakewa. Kansa kaɗai ake gani, bakin kuwa bai huta ba. Ya hango maƙwabcin cikin masu miƙo dami ya ce, "Maƙwabci, in naka ya ƙi tashi kawo geron in ajiye maka, ni ba na karɓar haya." Ana cikin dariya sai aka ji ƙas, kamar an taka ƙwarya. Ashe baya ne ya bushe, ciki ɗanye sharaf. Tumbin rumbun ya tsage, ya amayo gero da mai geron gaba ɗaya a gaban jama'a, ƙafafu sama, hula can gefe, laka har cikin kunne. Da aka ga ya miƙe yana kakkaɓe riga, ko targaɗe babu, sai dariyar ta dawo sabuwa. Maƙwabcin ya sunkuya yana taya shi kwashe dammuna. Rumbunsa ko rabi bai kai ba, amma ga wancan tsaye cikin ɓaraguzai yana tambaya a hankali ko akwai mai sauran ƙasa tsimammiya. Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.