Zoben da Ya Ƙi Komawa Gurbinsa

Zoben robar da ta ciro daga bakin injin ɗura sodar gidansu ya ƙi komawa gurbinsa. Ya kumbura.

Marigayi mahaifinsu, wanda ya tsufa yana ɗura soda a kwalabe yana kai wa gidajen birnin Rosario, shi ya koya mata: roba takan sha iskar gas idan injin na aiki, ta kumbura, kafin yamma kumburin ya sace.

"Yaya, ba ka ce injin nan ya mutu tun watan jiya ba?"

Yayan nata yana bakin ƙofa yana zuƙar mate, shayin ganyen ƙasarsu, tare da baƙon da ya kawo don ya sayi injin a kuɗin tsohon ƙarfe.

"Ke dai sa hannu a takardar cinikin, autar Baba. Mushe ai ba ya tashi."

"To, mushen nan ya yi numfashi da safen nan."

A waje motar baƙon tana tsaye, maƙare da cikakkun kwalaben soda.

Ta ajiye biro ba ta sa hannu ba, ta zuba wa zoben ido yana ƙanƙancewa a hankali a tafinta. A idonta, yayanta ya riga shi ƙanƙancewa.