Hannun Maginiya da Rigar Anko

Tunda kin ce gobe za ki kira wanzami ya duba kumburin hannun innarki, zauna ki ji wannan, don ni raina a ɓace yake.

Wata maginiyar tukwane ce aka yi wa aikin ciwon daji, aka cire mata nono ɗaya haɗe da kaluluwar hammata. Ta warke, sai hannun dama ya riƙa tara ruwa yana kumbura, saboda hanyar da ruwan ke bi ta tafi tare da abin da aka cire. A asibiti aka koya mata naɗe shi da bandeji tun daga yatsu, da shafa shi a hankali zuwa kafaɗa, da ɗora shi kan matashi in za ta kwanta. Aka kuma ja mata kunne cewa ko allura kada ta taɓa hannun nan. Magani ne na mai haƙuri, amma yana ci. Baiwar Allah har ta koma murza yumɓu, tana gina tulu da kasko.

Sai bikin 'yarta ya taso. Tela ya kawo anko, hannun rigar ya ƙi shiga. Yayar maginiyar, wadda ba ta taɓa kwana da ciwon ba, ta ce uwar amarya ba za ta fita gaban surukai da hannu a naɗe kamar gungume ba, ai mataccen jini ne, ƙaho zai zuƙe shi. Don Allah ki ji rashin hankali! Maimakon a mayar wa tela riga ya buɗa hannu, sai aka kira mai aska ya tsaga mutum. Ita kuma kunyar yaya ta hana ta musu. Wanzami ya tsattsaga, ya kafa ƙaho, ba abin da ya fito sai ruwa-ruwa. Kafin ɗaurin aure hannun ya yi jawur, ya ɗauki zafi, zazzaɓi ya kayar da ita. A gadon asibiti ta ji labarin kai amarya. Da ƙyar ta sha, amma hannun ya ninka, ya sandare, yatsun ba sa ko damƙar yumɓu. Yayar kuwa ta sa nata ankon ta sha biki, yanzu in ta zo dubiya sai ta langaɓe kai ta ce ƙaddara ce. Wallahi in na tuna yayar nan har yau sai in ji kamar in shaƙe ta.

Irin wannan ne Hausawa suke cewa, garin neman gira, a rasa ido.