Digirin Wata Biyu

A ofishinta na kan iyakar Jibiya, Mutmainna ta juya takardar da saurayinta Zubair ya miƙo mata. Ita shekara huɗu ta yi a jami'a kafin ta samu lasisin kula da na'urar da ke haska cikin manyan motoci.

"Digiri a wata biyu, Zubair?"

"A tsallake na samo. Ki sa min hannu in samu lasisin, sai a sa ranarmu."

Ta nuna abin auna yawan hasken na'urar mai cutarwa da jiki ya sha, maƙale a hijabinta. "Mene ne wannan?"

Ya kalli abin. "Katin aiki?"

Ta dube shi kamar ta taka ƙazanta.

"Duk Laraba babana ke bi ta na'urar nan da motarsa. Kada magabatanka su taka ƙofar gidansa."